Daga "Levee" Zuwa Jinga: Tarihin Wata Kalma Da Tashin Gungawan Yauri

Duk wanda ya bi labaran duniya a ƙarshen watan Agusta na shekarar 2005, lokacin da guguwar nan mai suna Katrina ta afka wa birnin Niyu Olins na ƙasar Amurka, zai iya tuna wata kalma da 'yan jaridar Turanci suka yi ta nanatawa dare da rana, wato "levee", wadda ake furtawa kamar lebi. Ita ce aka ce ta fashe a wurare da dama, har ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. Abin da kalmar take nufi shi ne dogon tudun ƙasa da ake tarawa a gefen kogi domin a hana ruwa tsallakowa cikin gari ko gona. Mu ma muna da sunansa tun kaka da kakanni, wato jinga. Mutanen Haɗeja da kewayenta ba sa bukatar a yi masu bayani, domin a daminar 2022 a kan jinga samarinsu suka riƙa kwana suna jibga buhunan yashi.

To, me ya haɗa kalmar Turawan Amurka da ƙasar Yauri? Mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni sannu. Kalma ma kamar mutum take, tana da iyaye da dangi, kuma idan ka bi salsalarta takan kai ka inda ba ka zata ba. Ita wannan za ta faro da mu daga Faransa, ta ratsa da mu ta bakin kogin Misisifi, sannan ta sauke mu a gaɓar Kogin Kwara, tsakanin Shanga da Yelwa da Wara.

ASALIN KALMAR

Aron kalmar Ingilishi ya yi daga Faransanci, inda ake rubuta ta "levée", ma'ana abin da aka ɗaga ko aka tayar. Uwarta ita ce "lever", wato ɗagawa ko tayarwa. Ita kuma wannan daga harshen Latin ta gangaro, daga "levare", wadda tushenta yake nufin abu mara nauyi, wanda za a iya cirawa sama. Tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce Faransawa suke kiran jingayen da suka tara a gefen koginsu na Luwar da wannan suna.

A shekarar 1718 wani Bafaranshe mai suna Biyanbil ya kafa Niyu Olins a wata lanƙwasa ta kogin Misisifi. Shekara ɗaya tak da kafuwar garin ruwa ya shige shi. Daga nan aka shiga tara ƙasa, kuma zuwa 1727 an kammala jinga mai tsawon kusan mil guda, tsayinta kimanin ƙafa uku. Hukumar mulkin mallaka ta kuma ɗora wa duk mai gona a bakin kogin nauyin ya yi jinga a gaban gonarsa.

To amma wa ya ɗauki ƙasar a ka? Mafi yawan aikin bayi ne suka yi shi, waɗanda aka fara saukewa a can daga 1719. Wata masaniyar tarihi Ba'amurkiya, Gwendolyn Midlo Hall, ta nuna a littafinta na 1992 cewa kimanin kashi biyu cikin uku na bayin da Faransawa suka kai Luwiziyana daga yankin Senegal da Gambiya aka loda su, kuma da yawansu Bambara ne, mutanen da ƙasarsu take a saman wannan kogi namu na Kwara, a cikin Mali ta yau. Ka ga ke nan tun ranar farko akwai gumin 'ya'yan Kwara a jikin kalmar.

A 1803 Nafoliyon ya sayar wa Amurka da Luwiziyana. Amurkawa suka gaji ƙasar, suka gaji jingar, suka gaji sunanta. Da yake kuma a jikin jingar jiragen ruwa suke tsayawa a sauke auduga da sukari, sai kalmar ta ƙara wata ma'ana, ta zama sunan bakin ruwa inda ake lodi, kwatankwacin inda kwale-kwale suke jeruwa a bakin ruwan Yauri ranar kasuwa.

TASHIN SARKI DA TAYAR DA MAZA

Kalmar tana da 'yan'uwa biyu da ya kamata mu gaisa da su. Ta farko ita ma "levee" ake rubuta ta, amma ba ruwanta da kogi. A zamanin Sarkin Faransa Luwis na 14, wanda ya rasu a 1715, tashin sarki daga barci wani babban buki ne na kullum. Manyan fadawa sukan hallara a ɗakin barcinsa da safe, kowa da matsayinsa, wani ya miƙo riga, wani ya riƙe madubi. Wannan zama shi ake kira tashin sarki. Turawan Ingila suka ari sunan suka sa wa zaman da sarki ko gwamna yake yi domin karɓar gaisuwa. Bahaushen da ya taɓa ganin yadda hakimai da dogarai suke jiran fitowar sarki a ƙofar fada ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ta biyun ita ce "levy", wadda duk mai biyan kuɗin makaranta ko na ƙungiya ya san ta. Ma'anarta haraji, ko kuma tara maza ala tilas domin yaƙi ko aiki. A 1793, lokacin juyin juya halin Faransa, da wannan kalma aka kira dokar da ta tayar da samarin ƙasar zuwa fagen daga.

Idan muka jera su, za mu ga aiki ɗaya suke yi: a tayar da ƙasa, sarki ya tashi, a tayar da maza. A nan Hausa ta yi wa Faransanci zarra, domin "tashi" tamu ta ɗauki duk waɗannan, ta kuma ƙara da wata. Muna cewa an tayar da gini, mun tashi daga barci, an tayar da runduna. Muna kuma cewa an tayar da gari, ko gari ya tashi, idan mutanensa suka kwashe komatsansu suka bar shi kufai. Mai karatu ya riƙe wannan ma'ana ta ƙarshe, za mu bukace ta a gaba.

TUDU DA RAMI

Turawan Ingila su kuma tsohuwar kalmarsu ta jinga ita ce "dyke". A tsohon Ingilishi kalma ɗaya ce da "ditch", wato rami ko lambatu. Har yau akwai sassan Ingila da idan aka faɗi kalmar rami ake nufi, a wasu sassan kuma tudu. Dalili a fili yake: ba ka samun ƙasar da za ka tara sai ka haƙa wani wuri. Katangar ƙasa da ake danganta wa Sarki Offa na ƙarni na 8, a kan iyakar Ingila da Wels, da wannan suna ake kiran ta, kuma tudu ne da rami a gefensa. Daga bakin mutanen Holan Faransawa suka ari irin wannan kalma suka mai da ita "digue", wadda ita ce ake ji a Yamai. Haka nan "dam" da muka ara muke cewa dam ɗin Tiga ko dam ɗin Goronyo, ita ce a wutsiyar sunayen Amstadam da Rotadam, garuruwan da suka tsiro a inda aka datse kogunan Amstel da Rotte.

Wannan haɗi na tudu da rami mun san shi sarai. Ganuwa ba ta tashi sai da gwalalo a gindinta, kamar yadda ragowar ganuwar Birnin Yauri, a ƙaramar hukumar Ngaski, take nunawa. Haka kowace tsohuwar unguwa a Kano ko Zariya ko Katsina tana da kududdufinta, inda aka ɗebi ƙasar da aka gina gidajen. Kakanninmu sun bar kududdufan nan suna shan ruwan damina. Da jikokinsu suka cike su suka yi shaguna, sai ruwan ya koma neman masauki a tsakar gidaje.

KWARA KAFIN KAINJI

Akwai ma'ana ta ƙarshe da masana labarin ƙasa suka ba kalmar "levee", wato jingar da kogi yake yi wa kansa. Idan kogi ya cika ya tumbatsa, da zarar ruwan ya haye gaɓa sai ƙarfinsa ya ragu, ya zubar da yashi mai nauyi a nan bakin gaɓar, ya wuce da laka mai laushi can cikin fadama. Shekara da shekaru sai bakin kogin ya zama tudu, ya fi fadamar da take bayansa tsayi. Shi ya sa baƙo yakan yi mamakin ganin tunga a daf da ruwa, alhali mai tungar ya san nan ne wurin da ruwa yake kaiwa a ƙarshe.

A kan irin waɗannan tuddai, da kuma tsibiran tsakiyar kogi, mutanen ƙasar Yauri suka yi zamansu. Tsibiri shi ake kira gungu, daga nan Hausawa suka raɗa wa mazaunansa suna Gungawa, ko da yake su Reshe suke kiran kansu. Tare da su akwai Shangawa da Lopawa da Kambari, ga kuma Sarkawa masunta. Gungu ganuwa ce da Allah ya gina, ruwa ne gwalalonta. A rikice-rikicen ƙarni na 19 ita kanta sarautar Yauri sai da ta bar Birnin Yauri ta fake a tsibirin Ikum, kafin hedikwata ta zauna a Yelwa a 1888, zamanin Sarki Abdullahi Abarshi.

Abin da ya sa waɗannan mutane suka iya zama da kogin ba tare da sun yi masa katanga ba shi ne sun san lokutansa. Kwara a wannan yanki sau biyu take cika a shekara. Akwai farin ruwa, wanda yake zuwa da damina, ya kai ƙarshen cikarsa wajen watan Satumba. Ruwan saman da aka yi a nan kusa ne, irin wanda gulbin Sakkwato da sauran rafuka suke kawowa, ga shi da laka, shi ya sa ya yi fari. Sai kuma baƙin ruwa. Shi wannan a tsaunukan ƙasar Gini ya sauka tun da damina, amma sai ya shiga fadamun Masina a Mali ya yi watanni yana yawo, ya sauke lakarsa a can, sannan ya iso Yauri da sanyin hunturu, garai-garai, a lokacin da ko ɗigon ruwa ba ya sauka daga sama.

Wannan tsari shi ne arzikin Gungawa. Farin ruwa ya ja baya ya bar masu sabuwar laka, su dasa albasa a gaɓa. Baƙin ruwa ya zo ya ɗago kogin kusa da fangalinsu a tsakiyar rani, su yi ban-ruwa ba tare da wahalar nisa ba. Ga shinkafa a fadama, ga gero da dawa a tudu, ga kifi. Albasar Yauri ta yi suna tun kafin a san injin ban-ruwa a ƙasar nan. Ba a ce ruwa bai taɓa yi masu ɓarna ba, ya yi, amma baƙo ne da aka san ranar zuwansa da ranar tafiyarsa.

AN TAYAR DA BANGO

A 1964, zamanin gwamnatin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka fara gina madatsar ruwa a tsibirin Kainji, can kudu da Yauri. Kamfanin haɗin gwiwa na Italiya mai suna Impregilo ne ya yi aikin. Bangon kankare na tsakiya ya kai tsayin kimanin mita 65, sannan aka ja masa fukafukai na ƙasa da duwatsu masu tsawon kilomitoci a hagu da dama, waɗanda in an bi ta barauniyar hanya jinga ce kawai ta girma. Bambancin jinga da dam shi ne ita tana bin gefen kogi, shi kuwa yana gindaya masa. An toshe ruwan a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, sannan Janar Yakubu Gowon ya buɗe aikin a watan Fabrairu na 1969. An tsara gurbin injuna 12, aka kafa takwas, masu ƙarfin megawat 760.

A bayan bangon tafki ya kwanta, tsawonsa kimanin kilomita 130, faɗin shimfiɗarsa fiye da murabba'in kilomita 1,200, wutsiyarsa ta taɓo har Yelwa. Tsohon garin Busa, kusa da inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a ruwa a farkon ƙarni na 19, ya nutse. Gungu bayan gungu suka shige ƙarƙashin ruwa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar, akasarinsu daga masarautun Yauri da Borgu, daga garuruwa da ƙauyuka 239 aka tattara su a sababbin matsugunai 141. A lokacin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur ne a kan gado.

Ga ma'anar nan da na ce a riƙe. Domin a tayar da bango ɗaya, sai da aka tayar da garuruwa fiye da ɗari biyu.

Gaskiya ne ba a watsar da su a daji ba. Hukuma ta gina masu gidaje na bulo da rufin asbesto, kuma idan aka kwatanta da yadda aka yi wa wasu al'ummu a wasu madatsun Afirka, ana sa na Kainji cikin waɗanda suka fi dama-dama. Tafkin kuma ya kawo kifi mai yawa a shekarun farko, ya jawo masunta daga nesa, kasuwannin Yauri da Wara suka ƙara cika. To amma gida daban, gona daban. Lakar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tarawa a gaɓa ba a ɗaukar ta a mota. Mutumin da ya gaji noman albasa a bakin ruwa ya wayi gari a kan jigawa, yana koyon noman tudu kamar sabon shiga. Kaburburan iyaye da wuraren tsafi da bukukuwan gargajiya suka zauna a ƙasan tafki. Da yawa daga cikin jikokin Gungawa da Hausa suka tashi a bakinsu, harshen Reshe yana ja da baya.

Babban abin da ya canza shi ne lokaci. Ruwan tafkin yana hawa yana sauka da kusan mita goma a kowace shekara. Yakan ja baya daga bazara zuwa tsakiyar damina, ya bar fili mai dausayi, manoman Ngaski da Yauri da Shanga su bi shi da shuka, sannan su yi tsere da shi idan ya juyo. Amma yanzu hawan da saukar ba ga farin ruwa da baƙin ruwa kaɗai suka dogara ba. Sun dogara har da shawarar injiniyoyin da suke lura da ƙofofin dam, waɗanda babban aikinsu shi ne samar da lantarki. Ga shi kuma shekaru da dama ƙauyuka masu yawa a bakin tafkin suka yi suna kwana da fitilar kwai, wayoyin wuta sun nufi manyan birane. Irin wannan koke ne ya sa aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ake samar da lantarki daga ruwa, wato HYPPADEC, a 2010, wadda sai bayan kimanin shekara goma ta fara aiki.

INA RUWAN ZAI TAFI?

A 2012, da kuma 2020, ambaliya ta yi wa jihar Kebbi mummunar ɓarna, ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa, kuma yankin Yauri bai tsira ba. Duk lokacin da haka ta faru, kiran da ake yi shi ne a zo a yi jinga. Kira ne mai hujja, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Gari irin Yelwa, mai kasuwa da asibiti da makarantu, ba a ce masa ya naɗe tabarma ya hau tudu duk shekara.

Sai dai tarihin masu kalmar yana da gargaɗi. Amurkawa sun yi shekaru suna ɗaure Misisifi da jinga hagu da dama, suna toshe duk wata kafa da ruwa yake bi ya huta a fadama. Da aka matse kogin sai ya ƙara tsayi, su kuma suka ƙara wa jinga tsayi. A 1927 ya ɓalle, ya raba mutum fiye da 600,000 da gidajensu. A garin Girinbil an tsare baƙaƙen fata a kan jinga ana sa su aiki da bakin bindiga, wato jinga da aikin tilas suka sake haɗuwa kamar yadda suke a tushen kalmar. A ƙarshen watan Afrilu na shekarar kuma manyan Niyu Olins suka sa aka fasa jingar da take ƙasa da birnin da nakiya domin ruwa ya sauka, ya malale gidajen talakawa kimanin 10,000, akasarinsu masunta da maharba. Daga baya ta bayyana cewa ko ba a fasa ba birnin zai tsira, kuma diyyar da aka biya ba ta taka kara ta karya ba.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A 2020 jingar da take kare unguwannin hannun dama na kogi a Yamai ta karye, ruwa ya shiga gidajen mutanen da suka yi gini a bayanta bisa amanar cewa tana nan. A watan Satumba na 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle a kan Maiduguri, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994. Tun kafin waɗannan duka, Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin mutanen Saba'u da ambaliyar da ta biyo bayan rushewar madatsarsu. Shi kansa Kainji kullum a tsakanin wuta biyu yake idan ruwa ya yi yawa: a riƙe shi ya taru ta wajen Yauri, a sake shi ya sauka a kan Nufawa.

Saboda haka idan an zo da maganar jinga a Yauri ko Wara ko wani gari na Shanga, akwai tambayoyin da ya kamata masu unguwanni da sarakunan ruwa da 'yan boko na yankin su yi tun kafin katafila ta sauka. Daga gonar wa za a ɗebi ƙasar? Ruwan da aka hana shiga nan, tungar wa zai nufa? Wa zai riƙa duba jingar yana toshe ramukan ɓera da zaizayar damina bayan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi? Za a hana gini a bayanta, ko za a yanka filaye a sayar? Sannan wace hanya aka tanada da sanarwar buɗe ƙofofin dam ko riƙe ruwa za ta isa kunnen manomin da yake cikin fadama a kan lokaci, da harshen da yake ji?

Tsofaffin da suka ga Kwara kafin 1968 sun ragu ƙwarai, wanda yake da shekara 15 a lokacin yanzu ya haura 70. Su ne suka san sunan kowane gungu da ya nutse, da inda ruwa yake tsayawa a shekarar cika, da sunayen da Reshe da Shanganci suke kiran tudun gaɓa da fadama da laka. Ina kira ga marubutanmu, musamman 'yan asalin wannan yanki, su ɗauki biro da rikoda su je su zauna da su. Turawa sun adana tarihin kalmarsu har mun iya bin sawunta shekara 300. Mu ma akwai littattafai a bakin tafkin nan da suke jiran mai rubutawa.

Allah ya kiyashe mu da sharrin ruwa, ya ba mu alherinsa, ya jiƙan magabatanmu da suke kwance a ƙarƙashinsa. Amin.